Kajin Tiyanjane

Malama Nangondo na tsugune gaban tiren busasshen kifi tana juya su da ɗan yatsa, sai Abiti Saidi mai kifin ta duba hagu da dama, ta rage murya.

"Malama, kin dai san ni, ba na shiga abin da bai shafe ni ba."

"Na sani. Shi ya sa duk garin Zomba ke zuwa wurinki jin labari. Faɗi."

"'Yarki ce, Tiyanjane. An ce maganin nan da take karɓowa a asibiti ba sha take yi ba. Dakawa take ta zuba wa kaji a dusa. Shi ya sa kajinta ke zama kamar 'yan raguna tun ba su cika mako shida ba, ita kuwa ga ta nan kamar sillen kara."

"An ce. Wa ya ce?"

"Mutane mana."

"Mutanen ba su da suna? Shekara talatin da huɗu ina koyar da ilimin halittu, ban taɓa samun ɗaliba mai suna Mutane a rijista ba."

Abiti Saidi ta kori ƙuda da mafici. "Wallahi ke dai ba a yi miki gwaninta. Matar mai gawayi ce ta gaya mini. Ita kuma daga bakin Nambewe ta ji, maƙwabciyar 'yar taki. Nambewen da idonta ta gani, ta kafar danga. Har masu gidajen abinci biyu sun daina sayen kajin."

Malama ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara. Ta bar kifin a nan ba ta saya ba.

Tun kafin ta fita daga kasuwa ta gama lissafin a kanta. Ƙwaya ɗaya ake ba Tiyanjane a rana. Kajinta ɗari biyu ne. Ƙwaya ɗaya a cikin kaji ɗari biyu, ko gashin jela guda ba za ta ƙara musu ba, in ma a ce tana sa ƙiba, abin da ba wanda ya taɓa nuna mata a takarda. Da ɗaliba ce ta kawo mata wannan amsa, da jan biro za ta ja mata layi tun daga sama har ƙasa.

To amma zancen yana da ƙafa ɗaya da ke taka ƙasa, ita ce kuma ta hana ta tsayawa wuri guda. Ranar Lahadi a coci ta ga zanin Tiyanjane ya zagaye ta ya yi saura. Da suka zauna cin tuwo ta ga ta ture miyar mai barkono, ita da ke tauna barkono ɗanye tun tana yarinya. Ta kuma ga yadda take dafe haƙarƙarin hagu in ta zo miƙewa. Malama ta gani, ta ce a ranta gajiyar kiwo ce. Yanzu ta ji haushin kanta. Ita ma ashe amsa mai sauƙi ta karɓa.

Ta shiga ƙaramar bas ta hanyar asibiti. Motar ta ƙi cika. Direba yana ta wasa da wuta kamar zai tashi, ba ya tashi. Zafin watan Oktoba ya sauko ta rufin kwano, wata mata ta ɗora mata kwandon mangwaro a cinya ba ko sallama. Malama ta sauka, ta sake hawa, ta duba agogo sau uku. Da motar ta tashi, ƙafarta ba ta daina kaɗawa ba har suka isa.

Sashen masu karɓar maganin yana gefen asibitin, ƙofarsa na kallon inda motoci ke sauke fasinja. Duk wanda ya zauna a bencinan nan, rabin gari sun gan shi kafin a kira sunansa. Malama ta san wurin kamar ɗakin girkinta. Shekara tara ke nan da aka gano Tiyanjane na ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki, bayan mutuwar mijinta, sunan Malama kuwa aka rubuta a katinta a matsayin mai tsaya mata. Duk sa'ad da 'yar ba ta samu zuwa ba, uwar ce ke karɓo kwalbar.

Akawun da ke taga ya hango ta ya yi zumbur ya miƙe. Surukinsu ne, ƙanin matar ɗanta Limbikani, mutum mai fara'a da murya kamar lasifika.

"A'a, Mama! Yau ke ce da kanki? Ina Tiyanjane? Ya su Yaya Limbikani? Ki ce masa wa'azinsa na ranar Lahadi ya ratsa ni!"

Duk kawunan da ke kan benci suka juyo.

"Rage murya, ba filin ƙwallo kake ba. Sista Chirwa nake nema."

Sista Chirwa tsohuwar ɗalibarta ce. Yanzu ita ma furfura ta fara fito mata, amma har yau in ta ga Malama sai ta gyara wuyan riga. Ta ja mata kujera ta rufe ƙofa. A bango akwai hoton da ke kowane asibiti: wasu 'yan sojoji da bindigogi a cikin jijiyar jini suna harbin wani dodo mai ƙaya.

"Har yanzu ba ku cire wannan ƙaryar ba?" in ji Malama.

"Haba Malama. Mutane da shi suke ganewa. Mu ce musu sojojin jikinka sun ragu, sai su fahimta."

"Ba sojoji ba ne, na gaya miki tun kina aji uku. Kina jin begilar bariki kowace safiya, ko ba kya ji? To waɗannan ƙwayoyin jinin da kuke ƙirgawa, su ne masu busa begilar. Su ke ganin baƙo ya shigo, su tashi masu kisa, su gaya wa masu haɗa makami irin wanda za su haɗa. Cutar kuwa ba ta da aikin yi da kowa sai su. Ta shiga cikinsu, ta mai da su gidan haihuwarta, su mutu. Waɗanda suka saura su yi ta busa ba dare ba rana har numfashinsu ya ƙare. Sojoji na nan kwance a bariki da takalmansu, ba mai tashinsu. Ɓarawon da bai kai ya kawo ba sai ya shigo ya kwashe gari."

"Na ci wannan tambayar a jarrabawa, Malama."

"Da ƙyar. Ɗauko mini katin 'yata."

Sista ta jawo aljihun tebur. Da ma katin yana sama, ba ta neme shi ba. Malama ta lura da wannan.

"Da ma ina shirin aiko miki, tunda ke ce mai tsaya mata. Na ce ta zo da ke tun watan jiya, ta ce kina fama da gwiwa." Ta ɗora yatsa a kan wani layi. "Masu begilar nan da kike faɗa, a jininta shekara biyu da suka wuce, ɗari shida da arba'in ne a ɗigon da muke aunawa. Makon jiya, ɗari da saba'in."

Malama ta san abin da ke ƙasa da ɗari biyu. Nan ne tarin fuka ke shigowa ba sallama, nan ne sanƙarau ke hawa kai. Mijin Tiyanjane ciwon kai ya fara ranar Talata, ranar Asabar ta sama aka binne shi.

"Ita cutar fa?"

"Shekara bakwai na'ura ba ta ganinta a jininta. Yanzu ta dawo, dubbai."

"Ba ta zuwa karɓa ne?"

"Abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Ba ta taɓa fashi ba. Kin san dokarmu, kowa ya zo da kwalbarsa mu zazzage a faranti mu ƙirga saura. Wasu za ki ga saura goma, su ce mantuwa. Wasu su zubar a hanya don kada mu yi faɗa, sai lissafin ya zarce. Tiyanjane kuwa, kwana talatin, ƙwaya talatin. Ko sau ɗaya ba ta kauce ba. Har misali nake ba wasu da ita."

"Ƙirgarku tana nuna ƙwaya ta fita daga kwalba. Ba ta nuna inda ta shiga."

Sista ta sunkuyar da kai. "Na ji maganar kajin nan, Malama."

"Kin kuma yarda?"

"Ban ce na yarda ba. Amma ga abu ɗaya. Wanda ya daina sha gaba ɗaya tsawon watanni, yawanci lambarsa ta fi haka hauka. Wannan ya fi kama da mai sha yau, gobe ya bari. Shi ne kuma mafi muni. Maganin bai isa ya danne ta ba, amma ya isa ta gan shi ta san kamanninsa. In ta koye shi, ko ta dawo sha kullum ba lallai ya ƙara yi mata aiki ba. Ki kawo mini ita gobe. Ba jibi ba."

Malama ba ta jira bas ba. Ta tsayar da mai keken haya ta hau baya, tana riƙe da jaka a ƙirji, tana ce masa ya taka, ba gawa ya ɗauko ba. Da suka fara hawan tudun unguwar su Tiyanjane, mutumin ya sauka yana turawa, ita ma ta sauka ta wuce shi da ƙafa.

Gidan Nambewe ta fara shiga. Ta same ta tana shanya garin masara a tabarma.

"Nambewe, an ce kina da ido mai kyau. Me kika gani ta danga?"

"Ni? Wayyo, Malama, ni ba na leƙen gidan mutane."

"To, ranar da ba ki leƙa ba, me kika gani?"

Nambewe ta goge hannu a zani. Ta ce ta ga Tiyanjane a ƙofar ɗakin kaji, ta zazzago ƙwayoyi daga farar kwalba a kan buhun dusa, tana ƙirgawa a 'yar takarda. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

"Kin ga ta daka?"

"Ai ba sai na gani ba."

"Kin ga ta zuba a dusa?"

"To me zai kai magani kan buhun dusa, Malama?"

"Ni ke tambaya. Wace rana?"

"Ranar da ake kawo mata dusar dai. Alhamis."

Malama ta tsaya cak. Yau Alhamis.

Warin kaji ya tare ta tun daga ƙofa. Tiyanjane na cikin ɗakin kajin tana cika mazuban ruwa, fararen kaji sun kewaye ƙafafunta, manya, masu nauyi, suna tafiya suna rangaji. Ta ɗago ta ga uwarta, bokitin ya ɗan karkace.

"Mama! Lafiya da ranar nan? Ba ki ce za ki zo ba."

"Sai na aiko da wasiƙa? Matso nan wajen haske. Buɗe baki."

"Mama, shekarata arba'in da ɗaya."

"Na san ranar, ina wurin. Buɗe."

Ta buɗe. Harshen da cikin kumatun sun yi fari fat kamar an shafa kindirmo. Malama ta kai hannu ta ɗaga gefen rigarta. Ƙuraje ne jere a haƙarƙarin hagu, sun zagayo daga baya kamar rabin ɗamara, wasu sun bushe, wasu suna ruwa. Ta sauke rigar a hankali.

"Daga wurin Sista Chirwa nake."

Tiyanjane ta juya ta ci gaba da zuba ruwa a mazubin da ya riga ya cika.

Malama ta je wurin buhun dusa, ta ɗebi kaɗan ta murje a tafin hannu, ta shinshina, ta ɗora a harshe. Masara, waken suya, garin kifi, ɗan gishiri. Ta tofar.

"Me kike yi haka, Mama?"

"An ce kina ba kaji maganinki."

Tiyanjane ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. "Na ji. Kaji dai dusa suke so da ruwa da mai tashi ƙarfe huɗu. Nambewe ta gwada tashi ta ga ko nata ba su yi ƙiba ba."

"To ina yake zuwa?"

"Ina sha."

"Kullum?"

"Ina sha, Mama. Ki je ki zauna a ɗaki, zafi ya yi yawa. Bari in ɗora miki shayi. Ko in sa a kira miki mai keke ya kai ki gida, in na gama sai in zo."

"Nan ya yi mini."

Ta zauna a kan buhun. Tiyanjane ta shiga ɗaki ta fito, ta sake shiga. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye. Ta ɗauko wayarta, uwar ta ɗago ido ta dube ta, ta mayar cikin zani. Kowane ɗan lokaci sai ta kalli ƙofa. Malama kuwa ƙafarta ta ci gaba da kaɗawa a kan ƙasa.

Wajen ƙarfe huɗu suka ji ƙarar babur. Limbikani ne, babban ɗan Malama, da buhu biyu ɗaure a baya. Shagon abincin kaji gare shi a bakin kasuwa, dattijon coci ne, shi ne kuma a al'adarsu ke tsaye kan ƙanwarsa da 'ya'yanta. Tun mutuwar mijinta bai taɓa barin wani ya kawo mata dusa ba, da kansa yake zuwa. Malama ta sha ba da labarin wannan a taron mata.

Ya kashe babur, ya ga uwarsa, ƙafarsa ɗaya ta tsaya a sama kafin ta sauka.

"Mama. Ashe kina nan."

"Ashe ina nan."

Ta dube shi kamar yadda ta daɗe ba ta dube shi ba. Riga mai dogon hannu a wannan zafin, maɓalli har wuya. Bel ɗinsa an huda masa sabon rami da ƙusa. Ya sauke buhun farko, ya tsaya yana tari, ya dafa babur.

"Ƙurar shago ce," ya ce ba wanda ya tambaye shi.

"Tun Ista kake gaya mini ƙurar shago."

"Ai shagon bai tashi ba, Mama." Ya yi dariya, ya juya wurin ƙanwarsa. "Tiya, miƙo mini buhunan wofi in wuce, ina da taron dattawa."

Haka suke yi kowane mako: ya kawo cikakku, ta mayar masa da na makon jiya a naɗe. Tiyanjane ta ɗauko su daga bayan ƙofa. Ba ta miƙa masa daga nesa ba, sai da ta je dab da shi, ta bi ta gefen da jikinta zai tare idon uwarta.

"Kawo nan," in ji Malama.

"Buhu ne kawai, Mama."

"To kawo buhu kawai."

Ba wanda ya motsa. Malama ta tashi da kanta ta zare naɗin daga hannun 'yarta, ta kama gindin buhun ta kakkaɓe. Ƙurar dusa ta tashi. Wata 'yar takarda a ninke ta faɗo, ta buɗe, ƙwayoyi uku suka gangara a ƙasa.

An bar ƙofar ɗakin kaji a buɗe. Kaji huɗu suka yo kan ƙwayoyin a guje, wuya a miƙe.

"Kai! Kai! Shu!" Tiyanjane ta yi kururuwa, ta zube a gwiwa, ta kifa tafukanta a kansu. Wata kaza ta sare ta a bayan hannu har jini ya fito, ba ta ɗaga ba. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, tana hure musu ƙasa, tana ƙirgawa da leɓe. A can bayan danga wani abu ya motsa.

"Maganin ciwon kai ne," in ji Limbikani. "Na ce ta ɗan sam mini."

"Shekara tara ina karɓo wannan ƙwayar a jakata. Na san ta fiye da yadda na san fuskarka, ga alama. Ɓalle maɓallin nan."

Bai ɓalle ba. Ya kai hannu wuyan rigar ya riƙe. Mutum mai shekara arba'in da biyar, mai hawa mumbari, ya tsaya yana kallon tayar babur ɗinsa.

"Mama, kin ga wanda ke zaune a tagar asibitin nan. Kafin in zauna a benci, matata ta ji, coci ya ji. Na ce zan je wani gari inda ba a san ni ba. Wata mai zuwa nake ta cewa." Ya ɗago ya dube ta. "Kuma kin san abin da kika faɗa ranar da aka kawo sakamakon Tiya. A gabanmu mu biyu."

Ta sani. A falonta ne, tana tsaye, takardar na hannunta. Ta dubi 'yar da ke kuka, ta dubi ɗan, ta ce ta gode wa Allah da aƙalla ɗaya a cikinsu, wato ɗan, ya ji karatun da ta yi ta koyarwa.

Malama ta nemi buhun da ta tashi a kai ta zauna. Ƙafarta ta daina kaɗawa.

"Tiyanjane. Gaya mini da bakinki."

Tiyanjane na durƙushe a ƙasa, hannunta a dunƙule, jini na bin yatsunta.

"Ba kaji ba ne, Mama. Yaya ma yana ɗauke da cutar, ya gwada kansa a ɗaki bara. Kwalba ɗaya muke sha mu biyu, wata goma sha huɗu ke nan. Wannan makon huɗu nawa, uku nasa. Mako mai zuwa mu juya."